Katakon da Yaya Ya Sa Aka Kafa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da littattafan nan naka da suka hana ka zuwa gida. Ya karatu? Inna tana gaishe ka. Ƙafarta da sauƙi, sai dai har yanzu ba ta jure tsayuwa.

Na ɗauki biro ne musamman don in yaba maka. Wallahi jami'a ba ƙarya ba ce. Mu da muke zaune cikin ƙwai da ƙuda, wa zai yi tunanin katako? Kana can labari ya iske ka cewa ƙanwarka tana yawan dariya da Tabarau, ɗan Mama mai robobi, yaron da ke waƙa a coci, a gidansu ma wani yare suke yi. Ba ka ɓata lokacinka wajen tambayata ba. Ka aiko cewa a raba rumfarmu da tasu. Tun rasuwar Baba kai ne babba, don haka Inna ta kira kafinta. Ya kafa bango har rufi, ko sauro sai ya zagaya.

Abu ɗaya ka manta, don ka daɗe rabonka da zama bakin kiret ɗin ƙwai. A kasuwa ba a rufe rumfa don an kira salla, maƙwabci ke jira maka. Da can, in mun tafi azahar ko la'asar, Mama tana zaune a kan bencinta, wuya kawai take juyawa ta ga ƙwanmu. Ranar Lahadi da safe, in sun tafi coci, Inna ta juya nata wuyan. Haka suke tun kafin a yaye ni.

Yanzu ido ba ya huda katako. In an kira salla, dole Mama ta turo mana mutum ya zauna cikin rumfarmu, kuma ɗa ɗaya gare ta. Ka san Inna da dogon lazimi, ni nake riga ta dawowa. Ranar Lahadi kuwa, mai ciwon ƙafa ba za ta yi ta zagaye ba, ni ake turawa in zauna cikin robobinsu. Shi yake fara dawowa, Mama tana tsayawa taron mata. Kuma ba a miƙa rumfa a tsaye. Sai an faɗi me aka sayar, wa ya taya bai saya ba, wace ce ta ce za ta dawo. Wannan bayani yana da tsawo, Yaya, musamman in mai sauraro ba ya gaggawa.

Da, in zan yi masa magana sai na ɗaga murya a gaban uwata da uwarsa. Yanzu benci ɗaya muke zama, ba mai ganinmu sai kiret. Allah ya ƙara basira.

Ka gaishe da abokan ɗakinka.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kuma zuciyarka ta ɗan sauka. Mu nan lafiya lau. Saƙonka ya iso, ni na karanta wa Inna, ban tsallake ko zagi ɗaya ba.

Ka ce da zarar an yi hutu za ka zo ka kwashe ni ka kai ni gidan Goggo, in bar kasuwa, in bar makarantarmu, in zana jarrabawar fita a can. To bari in sauƙaƙa maka bincike, ba sai ka sake saka mai shayin layinmu ya leƙa ni ba. Ina son sa. Ban ce aure ba, ban ce zan bi shi coci ba, shi ma bai taɓa cewa zai bi ni masallaci ba. Na ce ina son sa. Ina son yadda yake cire tabaransa ya goge da gefen riga in zai faɗi abin da ke ba shi kunya. Ina son yadda masu saye suke taya shi ya rasa ta cewa, sai na zo na ƙwace shi. Shekarata goma sha bakwai, na san ruɓaɓɓen ƙwai tun daga nauyinsa a hannu, kuma na auna yaron nan.

Kada ka ɗauka kai kaɗai ne mai jin haushi. Mama ma ba murna take ba. Tana da wata mai zaƙin murya a cocinsu da ta daɗe tana ajiye masa. Satin da ya wuce ko gaisuwata da ƙyar ta amsa. Shi ma ya sha nasa faɗan, da yarensu, ta bayan katakonka. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na gane duka.

Shekaranjiya Inna ta katse laziminta ta dawo da wuri. Ta same mu muna bitar lissafi, littafi a tsakaninmu, kanmu ya fi kusa da juna fiye da yadda lissafi yake bukata. Ba ta yi faɗa ba. Ta sallame shi, ta zauna ta daɗe tana kallon bangon. Jiya da safe ta aika aka kira kafinta ya ɓalle katako biyu daidai tsayin idon mai zaune. Ta leƙa ta gaishe da Mama, suka yi ta hirar ciwon ƙafa kamar ba su taɓa rabuwa ba.

Da muka koma gida na tambaye ta ko za ta bari ka tafi da ni. Ta ce, "Ban ce na yarda da shi ba. Amma a gabana za ki girma, ba a bayan katako ba, ba a gidan Goggo ba. Ki rubuta wa yayanki haka."

Ga shi na rubuta. Yanzu komai a gaban iyaye mata biyu muke yi, kuma ba na ɓoye fuskata. In ka zo hutu za ka same ni a rumfa, akwatina babu komai a ciki. Ka zo ka zauna da shi ka yi masa duk tambayar da kake so, ba ya gudu.

Ka kula da kanka, ka riƙa cin abinci.

Ƙanwarka,
Auta

Na kusa mantawa. A ce ka ci nasara ka tafi da ni. Inna ba ta iya ɗaga kiret, kai kuma kana da jarrabawa. A duk layinmu, wa kake tsammani zai zo kullum da safe ya buɗe mata rumfa?