Jan Tambarin Adda Tasalla

Zuwa ga: Babban Jami'i,
Shirin Tantance Mazauna Bakin Iyaka,
Ofishin Shiyya, Kazaure.

Daga: Zubair Jalaluddeen,
Rugar Arɗo Mu'azzam, Babura.

21 ga Yuli, 2025.

Game da: Roƙon cire jan tambari daga sunan Tasalla Jalaluddeen

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina gabatar da wannan ƙorafi a madadin yayata, Adda Tasalla, wadda ba ta yi boko ba.

1. Ran 2 ga Yuni, ma'aikatanka suka zo rugarmu ɗaukar hoto da murya. Aka tambayi Adda sunan ɗanta na fari, wato Sama'ilu. Ta sunkuyar da kai, ta yi shiru. Ranka ya daɗe, kowa a ƙasar nan ya san uwa ba ta kama sunan ɗan fari, alkunya ce. Shi kansa ma'aikacin murmushi ya yi, ya wuce tambaya ta gaba.

2. Ashe na'urar da ke tantance muryoyin ba ta san alkunya ba. Ta jefa Adda cikin masu ɓoye dangi, ta zaftare mata maki, aka buga mata jan tambari. Mai jan tambari kuwa ba ya ƙetare shingen iyaka.

3. Autarta Khairiyya tana aure a ƙauyen da ke hayin iyaka, kusa da mu har muna jin kiran sallarsu. Ta haihu ran 9 ga Yuli, haihuwar ta zo da gardama, har yau tana kwance. Adda ta ɗaure kanwa da yaji ta nufi shinge, aka haska fuskarta da waya, aka ce ta koma.

4. Na nemi sanin wanda ya sa hannu a hukuncin, aka ce sirri ne. Ikon Allah! Ofishinka ya san inda wayar Adda take kwana da wanda take kira, amma ita sunan mutum ɗaya ya gagare ta.

5. Ran 17 ga Yuli na kawo ta Kazaure. A gaban baƙin maza ta buɗe baki ta faɗi sunan yaron nan, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka raɗa shi. Wallahi ni na kasa kallonta. Sai bayan ta faɗa aka shaida mana na'ura ba ta karɓar gyara sai tantancewar baɗi. Tun ranar ba ta yarda sun haɗa ido da Sama'ilu ba.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon a sa ɗan'adam mai uwa ya saurari muryar nan, a cire tambarin. In hakan ya fi ƙarfin ofis, a ba ta wuni ɗaya, ko da rakiyar jami'i, ta ga 'yarta da ranta. Ba mu da kowa a sama, kuma ba abin da ya rage mata da za ta faɗa muku.

Allah Ya ƙara girma.

Mai biyayya,
Zubair Jalaluddeen