Jan Babur da Baƙin Babur

Zuwa ga ɗana Abdulkabir,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Ramlat da yara. Mu nan Minjibir ƙalau muke, gero ya fara fitar da kai. Malam Tasi'u ne yake rubuta mini, tunda ni ban taɓa zama a aji ba.

Dalilin takardar nan shi ne baburan tseren nan guda biyu, na hannu, da dillali ya kawo maka nan gida ranar kasuwa, da ka zo. Shekara talatin na yi ina gyaran babur a bakin tasha, da shi na ciyar da kai. Amma surukinka Alhaji Muntaka ka fara tambaya, mutumin da iyakar saninsa haƙorin shanu da ƙahon rago. Ya shafa tankin jan kamar mai taya bijimi, ya ce shi ne, kai kuma sai gyaɗa kai kake yi. Ni sai da za a watse ka waiwayo ni. Shi ya sa na yi maka shiru.

To ga amsata. Baƙin za ka saya. Fentinsa sabo, tayoyinsa ba su cinye ba, ya kuma fi araha. Jan kuwa kujera a yage, salansa duk tsatsa, ga tsada. Yanzu zan ga wanda ya haife ka.

Ka gaida mutan gida.
Mahaifinka, Sabo Bakanike

Zuwa ga ɗana Abdulkabir,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Ƙanwarka Aina'u ta ce ran Juma'a za ka karɓi baƙin, har ka hau shi ka zo ka nuna mini. Ina jin haka na aika a kira Malam Tasi'u.

Kada ka saya. Ran nan, kuna can kuna sauraron Muntaka, na ɗora tafin hannuna a kan injinan kafin a tayar. Na baƙin da ɗumi: dillali ya riga ya ɗumama shi don ya ɓoye ƙarar da yake yi da sanyi. Na zura yatsa ƙarƙashin tanki, na ji tudun walda a wuyansa, an rufe da fenti. Babur ne da ya taɓa karyewa. Da gudun da kake yi a hanyar Kano, rami ɗaya ya ishe shi, ya ishe ka.

Jan injinsa da sanyi, taɓawa ɗaya ya tashi. Na kafa masa sukudireba, na sa kunne, ban ji ko ƙwas ba. Ƙarfensa yadda aka ƙera shi yake. Ya ci kuɗinsa.

Duk na san wannan sa'ad da na aiko waccan takardar. Haushi ne. Allah Ya yafe mini, kai ma ka yafe.

Ka sayi jan. Muntaka dace ya yi, launi ya bi, kuma kada ya ji na faɗa. Kujerar nan da salansar, kada ka kai wa kowa a Kano. Ka kawo mini.

Allah Ya tsare hanya.
Mahaifinka, Sabo Bakanike