Sadisu a Kan Igiyar Ruwa

Asabar, bayan isha'i, unguwar Manfuha

Ƙanina Sadisu ya dawo daga Jidda ɗazu, rana ta ƙona shi, baki har kunne. Ko takalmi bai cire ba ya miƙo min waya: "Yaya, kalli ƙaninka!"

Bidiyo ne: ga shi a teku, tsaye kan allon nan mai ƙyalle da iska ke ja, yana hawa igiyar ruwa yana ihu. Wai iskar ta yi ƙarfi har wasu suka haƙura suka fito, shi kuwa sai la'asar.

Na ce masha Allah, amma zuciyata ta sosu. Ni na koya masa iyo a Yawuri, yana kuka yana riƙe wuyana. Tare muka shirya tafiyar nan, mudir, shugaban wurin aikinmu, ya hana ni hutu, na wuni ina loda kwalaye a wurin aiki, unguwar Sulay.

Sadisu ya ce, "Da na faɗi, muryarka na tuna: kar ka yi kokawa da ruwa."

Da ya shiga wanka na sake kallon bidiyon sau huɗu, ina neman inda ya yi kuskure. Allah ya yafe min, ban samu ba.