Inna, Ya Bintu Ta Yarda an Sa Mata Ƙarfe

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifiyata, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kina cikin ni'imar Ubangiji. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, masu bibiyata a intanet ne za su karanta. Amma ke na saba kai wa ƙara, kuma har yau ban sami wadda ta maye gurbinki ba.

Ina sanar da ke na ci gasar rubutu. Rubutun nan da kike cewa zai cinye min ido, shi ya kawo kuɗin da ban taɓa riƙe irinsu ba tunda na fara koyarwa a Nguru. Yaya Modu ya ce in sayi fili. Mijina kuma na ga yana yawan duban rufin ɗakinmu da ke yoyo. Ni kuwa tun kafin kuɗin su shigo na riga na san inda za su.

Kin tuna yadda kika ɓoye mana ƙullutun da ya fito miki a mama. Sai da wari ya fara fita muka sani. Da na ce mu je asibiti, kika riƙe hannuna kika ce, "Zara, daji ne. Daji ba a sa masa ƙarfe. Allura ko wuƙa ta taɓa shi, ya fusata ke nan." Haka maƙwabta suka ce, haka 'yan'uwanki suka ce. Muka yi ta shafa miki saiwa da garin ganye har ranar da aka ɗauke ki.

Wannan maganar na sa a gaba, Inna. Na yi hayar rumfa da kujeru da lasifika. Na roƙi wata nas ta riƙa bina. Muka shiga Islamiyyar matan aure, muka shiga gidajen suna, muka tsaya a bakin kasuwa. Mun je Machina, mun je Yusufari, a hanyar Kumagannam motarmu ta kafe a rairayi sai da muka tura ta da hannu. Ko'ina abu ɗaya nake faɗa: ki duba jikinki, in kin ji ƙullutu ki zo da wuri, allura ba ta fusata daji. Da kin ga 'yarki mai kunyar gaida baƙi tana kiran sunan mama a lasifika, da kin rufe fuska da mayafi.

Na ware wani abu don kuɗin mota da gwaji. Na zaci zai kai mu nesa. Matan farko da suka zo suka cinye shi tas.

A Gashua kowa maganar ciwon ƙoda yake yi, ba a cika tuna daji ba. Ranar da muka yi taro a can, ina tattara kujeru sai na ji an ja min hijabi. Ya Bintu ce, aminiyarki mai bandar kifi, wadda ke aiko mana da tarwaɗa a kwali duk azumi. Ta tsufa, amma bakin nan nata yana nan. Ta ce na yi ƙiba kamar matar ɗan siyasa. Sannan ta ja ni bayan rumfa, ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta.

Yana nan, Inna. Kamar ƙwallon goruba.

Na daɗe ina lallashinta. 'Ya'yanta suka ƙi, babban ma ya ce in fita harkar uwarsu. Ita ta yanke magana da kanta. Ta ce, "Na ga yadda Falmata ta tafi ba a sa mata ƙarfe ba. Bari ni in gwada da ƙarfen." Sunanki ta kira, shi ya sa na kasa duban fuskarta.

Na kawo ta Nguru. Likita ya sa allura ya ɗebi tsoka aka kai gwaji. Sakamako ya fito, daji ne, amma ya ce akwai sauran dama in an yi sauri. Sai an yi tiyata, sannan a tafi wani babban gari mai nisa a yi mata gashi da na'ura. Da ya faɗi abin da za a kashe, na nemi kujera na zauna. Ko da ban yi hayar rumfa ko ɗaya ba, kyautar tawa ba za ta kai ba.

Ban bar ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba. Wasu sun ba da abin da suka iya, Allah ya saka musu. Wasu sun ce in dawo bayan kaka. Na sayar da ɗan kunnen da kika bar min. Muna ta harhaɗawa, shi kuma ƙullutun ba ya jiran kowa, kullum ƙara girma yake yi.

Yanzu ga abin da ya fi ci min rai. A Gashua ana cewa, ai ga shi nan, an sa masa ƙarfe ya fusata. Na san jira ne ya girmar da shi, ba allura ba. To wa zan faɗa wa ya yarda? Mata biyu da suka yi min alkawarin zuwa gwaji sun daina ɗaga wayata. Da bakina na ce a zo da wuri, ta zo da wuri, ga inda na ajiye ta.

Ban sani ba ko na yi daidai, Inna. Da ke ce a nan, da kin faɗa min ko da zagi ne. Na gaji, kuma ina jin tsoro.

Shekaranjiya na je Gashua duba ta. Na same ta a gindin murhun banda tana juya kifi da hannun hagu, na daman ba ya ɗaguwa. Jakarta tana ɗaure a bakin ƙofa. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni. Ta ce, "Ni ban ga laifinki ba, 'yar nan. Ranar tafiya kawai za ki faɗa min, in sami mai kula min da wuta."

Na ce mata ba da daɗewa ba. Ta gyaɗa kai, ta naɗe min kifi a takarda.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yalwata miki shi, ya haɗa mu a Aljanna. Ya Allah, ka ba ni ranar da zan faɗa wa Ya Bintu, tun tana iya hawa mota da ƙafarta.

'Yarki mai kewarki,
Zara