Manomin Ƙarfe Ba Shi da Uba

Kaura Namoda, daren Laraba, 12 ga Sha'aban

Na gaji tiɓis, amma sai na rubuta wannan.

Yau na hau keke zuwa Kurya Madaro wurin Baba Audu, tsohon makaɗin noma. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a mutane suka daina kiransa gayya, gangarsa na rataye a ɗaki. Hedimasta ya yarda ɗalibaina su yi wasan labarina a waƙe ranar ba da hutu, amma ban da kiɗa. Ni kuwa ban iya sa wa labari murya ba.

Na karanta masa: fari ya kori mutanen Kaura zuwa duniyar wata, suka ƙera mutum na ƙarfe yana noma musu gero. Na ɗauka zai yi dariya. Sai ya ce, "Malam, shi manomin, ɗan wa ne? Jikan wa?"

Na ce inji ne, ba shi da kowa. Har raina ya ɓaci, ina ta bayanin batir.

Ya ce, "Ban taɓa waƙe manomi ban ambaci ubansa ba. Ashe maraya ne."

Can ya fara rera waƙa, yana ɗan buga gwiwarsa: maraya mai noma gonar da ba zai ci ba, ba ganga a bayansa, ba mai yi masa sannu. Matarsa ta ajiye taɓarya ta tsaya.

Wata uku ina rubuta labarin injin nan, ban taɓa tausaya masa ba sai yau. Kuma ba na jin injin kaɗai Baba yake yi wa waƙar.