Tsaga ta Arba'in da Ɗaya

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya. Ni ke faɗa, abokina Tela ke rubutawa.

Auta, hankalina a tashe yake. Bazara ta yi nisa, ɗan tsuntsun nan mai rawayan ƙirji bai iso ba. Shekara arba'in, duk ranar da na fara jin kukansa a bakin kududdufi sai in yi tsaga a sandata. Ta bakwai shekarar haihuwarki ce, ta talatin da uku rasuwar mahaifiyarki. Bana kullum da sassafe ina bin hanyar har bencin da ke ƙarƙashin bishiyar bakin ruwan, amma shiru. Ko guba aka zuba a ruwan?

Maganar in koma gidanki kuwa, ki bar ta. Kunnen da ke rarrabe kukan tsuntsu goma ba ya neman mai tsaro.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki.

Ƙari daga Tela, bai san na rubuta ba: Tsuntsun ya zo tun sati biyu. Yanzu haka yana rerawa a kanmu. Jiya mai babur ya yi ta danna wa mahaifinki hon a hanyar, ko waiwaye bai yi ba, da ƙyar mai babur ɗin ya kauce masa. Na kasa faɗa masa.

*

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, kai da Baba Tela.

Gobe in ka je, kada ka saurara. Ka ɗaga kai ka dubi reshen da Mama ta saba rataye jakarta. Kuma don Allah ka bi gefen hanya. Tun da wasiƙarka ta zo, ƙarar babur ta daina barina in zauna. Ɗakinka na nan a share.

Ka huta lafiya.
Auta.

*

Auta,

Gaisuwa.

Na duba. Yana nan, baki a buɗe, maƙogwaro na rawa. Ban ji komai ba. Tela ya ce ya ji, amma Tela ko agwagwa bai sani ba. Rubuta, munafuki, rubuta!

Ban yi tsagar ba. Abin da ban ji ba, ba na tsaga masa sanda.

Ki zo ki ɗauke ni. Amma sai tsuntsayen sun tashi.

Mahaifinki.