Ƙaiƙayin da ya raba ni da faccalata

Anti Aina'u, don Allah ki taimake ni, abin ya kai ni maƙura. Ki sakaya sunana, don a garinmu magana ba ta kwana a ɗaki ɗaya.

Ina aure a wani ƙauye kusa da Ɗambatta. Gidan gandu ne, mu uku matan 'yan'uwa, da surukarmu Inna, masai ɗaya muke shiga. Tun farkon damina ƙaiƙayi ya sa ni gaba a matancina, ga zafi in zan yi fitsari, ga wani farin abu mai kauri da ke fita, ba ya wari, kamar awarar da ta dagargaje. Ni kuwa awara nake soyawa, har sana'ar ta fara fita raina. Ina gaban kasko, yara sun miƙo kwano, ni kuma ina ta mutsu-mutsu a kan kujera.

Ba abin da ban yi ba. Na dafa bagaruwa na zauna a ciki, na yi tsarki da alif, na koma sabulu mai ƙamshi ina wankewa har ciki. Na aika kemis aka kawo mini kafso, irin wanda na sha da bazara lokacin da maruru ya fito mini. In ya lafa kwana biyu sai ya dawo da ƙarfinsa. Kuma ni ba ƙazama ba ce, Anti. Kullum sai na wanke kamfaina, na matse, na shanya a ƙusa bayan ƙofa, na rufe da zani. Wa zai shanya irin wannan a igiyar tsakar gida, ƙannen miji na wucewa? Wani lokacin da ɗan danshinsa nake sawa, ya ƙarasa bushewa a jikina.

Ga inda gizo ke saƙa. Matar yayan mijina, bari in kira ta Safara'u, ita ce aminiyata a gidan. Da tana da ciki ta taɓa gaya mini a asirce cewa tana fama da irin wannan. Da nawa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai na ce ai ga inda na kwaso. Rannan muka yi 'yar sa-in-sa a kan turmi, raina a ɓace, na faɗa a gaban Inna da kowa cewa ita ta zuba mana sanyi a masai. Tun daga ranar Inna ta ware mata buta. In Safara'u ta yi tuwo sai ya kwana a kwano. Mijinta ya fara tambayarta inda ta samo, ita kuma ta ce ana gama girbi za ta tafi gidan iyayenta a Zakirai. Wallahi ina kewarta, amma lafiyata fa? Ki ba ni magani mai ƙarfi, ki kuma koya mini yadda zan shawo kan maigida ya haƙa mini masaina ni kaɗai.

Taki, Mai Awara

Mai Awara, sannu da jiki. Ki bar maigida ya ji da gonarsa, haƙa rami ba zai raba ki da wannan ƙaiƙayi ba.

Ban duba ki ba, amma abin da kika zayyana ya yi kama da wanda likitoci ke kira kandida. Ƙwaya ce dangin funfuna, kuma a jikin yawancin mata take zaune lafiya lau, sai ta samu ɗumi da danshi take yaɗuwa ta yi ɓarna. Ba daga bakin masai ake ɗaukar ta ba, ba a buta ba, ba a tuwo ba, kuma ba alamar cewa wani ya yi abin assha ba ce. Masu ciki na yawan yin ta, shi ya sa ta kama Safara'u.

Taki kuwa, kin faɗi tushenta da bakinki. Kafson nan yana kashe ƙwayoyin kirki da ke tsaron wurin, sai funfunar ta samu fili. Sabulu da alif da bagaruwa su ƙara yi musu kwasar karan mahaukaciya. Sannan ki kawo ɗanyen kamfai ki ɗora, ki zauna gaban wuta kina gumi. Kunyarki abar yabo ce, ban ce ki kafa tuta a tsakar gida ba. Ki ɗaura 'yar igiya a bayan ɗakinki inda rana ke bugawa, ki shanya a can, ki yafa siririn mayafi a kai. Ki nemi kamfai na auduga masu ɗan yalwa, ki ƙara yawansu don kada ki sa wanda bai bushe ba. Tsarki da ruwa zalla, daga waje kawai, daga gaba zuwa baya.

Ki je asibitin da ke kusa da ku, ki nemi ma'aikaciya mace, ki gaya mata komai har kafson. In kandidar ce, akwai maganin cusawa da na shafawa, cikin mako guda galibi an wuce wurin. In kina zaton ciki ki faɗa, don na haɗiyar bai dace da mai ciki ba. Tunda yana ta dawowa, ki roƙa a auna miki suga. Idan kuma ruwan ya koma ɗorawa ko kore, ko ya yi wari, ko mara ta riƙe da zazzaɓi, wannan wata cutar ce daban, kada ki jira ranar kasuwa.

Saura wanda babu shi a kemis. Na san ba mugunta ta sa ki ba, abin da kowa ke faɗa kika ɗauka, ga ciwo yana cin ki. Amma baiwar Allah nan amana ta ba ki, kika kwance mata zani a kasuwa a kan abin da ba ta yi ba, yanzu aurenta ke rawa. Neman gafara a ƙuryar ɗaki ba zai isa ba. A tsakar gida kika faɗa, a gaban Inna, to can za ki tsaya ki ce kin bincika, kuskure kika yi, ciwon a jikinki ya tashi. Ki sa maigidanki ya kai wa yayansa wannan bayani. Ranar girkinta kuma ki ɗauki kwanonki ki ci tuwonta kowa yana gani. Kada ki bari a kai girbi.

Allah Ya ba ki lafiya, Ya sanyaya zuciyar Safara'u, Ya zaunar da ku gida ɗaya.

Anti Aina'u